Kafin Ka Biya Kuɗin GRE Ko IELTS: Jagora Ga Ɗan Kano Mai Neman Digiri Na Biyu A Waje

Duk lokacin da wani rukunin masu bautar ƙasa ya karɓi takardar sallama, sai saƙonnin ƙanne da 'ya'yan maƙwabta su fara shigo mini. Tambayar kusan ɗaya ce: "Yaya, ina son fita masta. Da wacce zan fara, GRE ko IELTS?" Ni kuma nakan mayar musu da tawa: wace jami'a, wane kwas? Yawanci daga nan sai a yi shiru. Mutum bai san garin da za shi ba, amma yana tambayar kuɗin mota.

Na zauna jarrabawowin nan biyu, na yi asarar kuɗi a wuraren da bai kamata ba. Abin da zan jero a nan shi ne tsarin da zan bi in da yau zan fara.

Da farko: jerin makarantu, ba jarrabawa ba

Ka sami takarda ko ka buɗe teburin Excel. Rubuta kwasa-kwasai shida zuwa goma da kake so da gaske, kowanne da sunan jami'arsa. Ka shiga shafin sashen da ke koyar da kwas ɗin, ba babban shafin jami'a kaɗai ba, domin a Amurka musamman kowane sashe da nasa sharaɗin. Gaban kowane kwas ka rubuta abu huɗu: ranar rufe karɓar takardu, jarrabawar Turancin da suke amsa da makin da suke nema, matsayinsu kan GRE ko GMAT, da kuma ko akwai tallafin karatu.

Jarrabawowin iri biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai na gwada Turanci: IELTS, TOEFL, PTE da Duolingo. Akwai na gwada kaifin tunani da lissafi: GRE, wadda hukumar jarrabawa ta ETS da ke Amurka ke shiryawa, da GMAT ta masu neman MBA da sauran kwasa-kwasan kasuwanci. Ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Tun daga 2020 sassa da yawa a Amurka suka sassauta kan GRE. Wasu har yanzu wajibi ce, wasu sun ce ganin dama ne, wasu ko ka aiko ba za su duba ba. Jami'o'in Ingila kuwa ba kasafai suke neman ta ba, in ka cire wasu kwasa-kwasan tattalin arziki da kasuwanci. Ta fannin Turanci ma, jami'o'in Ingila da dama na karɓar C6 ko sama da haka a Ingilishin WAEC, wasu kuma a ƙasashe daban-daban na amsar wasiƙa daga jami'arka mai tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da kai. To ka ga, in ka gama teburin nan kana iya tarar da cewa jarrabawa ɗaya kawai ke gabanka, ko ma babu. Idan sharaɗin bai fito fili ba, ka tura imel gajere ga sashen, ka adana amsar.

Inda aka ce GRE ganin dama ce, ga ra'ayina. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, yana da ɗan bincike ko gogewar aiki, zai iya tsallake ta. Wanda makinsa na jami'a ya ɗan yi ƙasa, ko yake son sauya fanni, misali daga koyarwa zuwa nazarin alƙaluma, maki mai kyau a lissafin GRE hujja ce da farfesan da bai taɓa jin sunan BUK ko Wudil ba zai iya aunawa.

Wani abu kuma kafin ka taɓa aljihu: ka duba halin da bizar ɗalibai take ciki a ƙasar da ka nufa. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun yi ta sauyawa a 'yan shekarun nan, don haka ka karanta sanarwar ofishin jakadancinsu ta kwanan nan. Ingila kuma tun Janairun 2024 ta hana mai mastan da ake koyarwa a aji tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Magidanci ya san da wannan tun kafin ya zaɓi jarrabawa.

Na biyu: fasfo, da maganar suna

A nan zan ɗan daɗe, don a nan na sha wuya.

Fasfo shi ne shaidar da za ka nuna a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma sunan da ka yi rajista da shi dole ya yi daidai da na cikinsa harafi da harafi. Mu kuma Allah Ya yi mu da suna ɗaya rubutu huɗu. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, Muhammed a shaidar digiri, Moh'd a katin banki. Aisha, A'isha, Aishatu. Wani ya ɗauki sunan unguwa, Ɗandago ko Yakasai, a sakandare, ya ajiye shi a jami'a. Wata ta yi aure ta koma amsa sunan miji a wasu takardu.

Ni na yi rajista da sunan da ke kan shaidar digirina, alhali a fasfo sunan mahaifina da na kakana sun yi musayar wuri. Sai da ya rage 'yan kwanaki na lura. Na gyara da ƙyar, bayan imel da kiran waya da kwana biyu ba barcin kirki.

Saboda haka, in ba ka da fasfo, ko naka ya kusa ƙarewa, fara da shi. Ofishin fasfo na hukumar shige da fice yana Farm Centre, kuma za a ɗauko bayananka ne daga NIN, don haka in akwai kuskure a NIN can za ka fara gyarawa. In fasfo ya fito, ka buɗe shi a gabanka lokacin da kake cike rajista, kana kwafa. Inda takardun makaranta suka saɓa da shi, ka yi takardar rantsuwa a kotu ka ajiye don ranar neman gurbi.

A wannan lokacin kuma ka nemi jami'arka ta fara shirya takardar cikakken sakamakonka na shekara-shekara. Takan ɗauki lokaci, ga shi wasu makarantun Amurka da Kanada sai an bi da ita ta hannun masu tantancewa irin WES. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku: ƙirga baya daga ranar rufewa

Yawancin shirye-shiryen digirin digirgir masu tallafi a Amurka suna rufewa ne a Disamba zuwa farkon Janairu, don shiga a Agusta. Chevening, tallafin karatun masta na gwamnatin Birtaniya, takan buɗe a Agusta ta rufe kafin ƙarshen shekara. Ka ɗauki ranar da ta fi kusa a teburinka ka riƙa ja da baya.

Sakamakon GRE na fitowa cikin kwana 8 zuwa 10. Ba a sake zama sai bayan kwana 21, kuma sau 5 kawai cikin wata 12. Ke nan mai Disamba a gabansa ya yi zaman farko a Yuli ko Agusta, ya bar wa kansa filin gyara. GRE da GMAT suna aiki shekara 5. IELTS, TOEFL da Duolingo shekara 2 ne kacal. Wannan ya sa nake cewa a fara da GRE, a bar ta Turanci daga baya: ba za ta mutu a hannunka ba kafin ka shiga makaranta, sannan wanda ya sha karatun GRE zai ji sashen karatu na IELTS kamar shan ruwa.

Ka sa yanayin gari a lissafi. Karatun rana a zafin Afrilu ba wuta, yaudarar kai ne. Awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba ta fi awa huɗu na dare ana fama da sauro da hira. In azumi ya faɗo cikin watanninka, rage nauyi ka mayar da shi bita. Wata uku zuwa huɗu na karatu kullum ya ishi yawancin mutane.

Na huɗu: GRE kanta

Tun Satumbar 2023 aka gajarta ta zuwa awa 1 da minti 58. Za ka fara da rubutun insha'i guda, minti 30. Sai sashe biyu na Turanci, tambaya 27 cikin minti 41, da sashe biyu na lissafi, tambaya 27 cikin minti 47. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 zuwa 170 ne, na rubutu daga 0 zuwa 6.

Abin da ya kamata ka gane: sashen farko na kowane fanni tambaya 12 ne, kuma yadda ka yi a cikinsa shi ke yanke irin sashe na biyun da za a ba ka. Ka yi kyau, a ba ka mai wuya, wanda ta nan ake kai wa babban maki. Ka yi sakaci, a ba ka mai sauƙi, wanda ko ka cinye shi duka akwai inda makinka ba zai wuce ba. Ba a rage maki don ka amsa ba daidai ba, saboda haka kar ka bar tambaya fanko.

Kafin ka buɗe kowane littafi, ka buɗe asusu a shafin ETS ka zauna jarrabawar gwaji ta POWERPREP, kyauta ce. Ka yi ta a zama ɗaya, da agogo, waya a kashe. Makin zai iya ba ka kunya. Ba komai, shi ne ma'auninka. Ka ajiye gwaji na biyu sai saura mako biyu.

Lissafin bai wuce na sakandare ba: ƙidaya, kaso cikin ɗari, aljabara, siffofi, karanta jadawali. Injiniyoyinmu sukan raina shi, sai ya kayar da su, domin tarko ne ba zurfi ba. Ɗauki irin tambayar da ake ba ka adadi biyu a ce ka kwatanta. A ce x lamba ce sama da sifili, wanne ya fi girma, x ko x sau x? Mai gaggawa zai gwada 2, ya ga 4 ta fi 2, ya wuce. Amma in x rabi ne, rabi sau rabi kwata ne, ya koma ƙasa. In 1 ne, kunnen doki. Amsar ita ce ba za a iya yankewa ba. Ka saba wa kanka gwada sifili, 1, lamba mai ragi da ɓangaren lamba a duk irin wannan tambaya. ETS na da littafin bitar lissafi kyauta a shafinta, Khan Academy kuma na da bidiyon kowane babi. Akwai kalkuleta a kan allo, amma yawan taɓa ta cin lokaci ne, ga shi abin da kake da shi bai kai minti biyu ba a kowace tambaya.

Turancin shi ne dutsen. Akwai cike gurbi a jimla, akwai wadda za ka zaɓi kalma biyu cikin shida da za su ba jimla ma'ana ɗaya, kuma sai ka dace da duka biyun, sannan akwai karatun nassi mai kauri. Duk wanda ya yi islamiyya ya san hadda ba tilawa zubewa take. Haka kalmomin nan. Goma sha biyar a rana, kowacce ka sa ta a jimlar da ka ƙirƙira da kanka, gobe ka fara da na jiya kafin ka ɗora sababbi, ranar Juma'a ba ƙari sai bita. Amma hadda kaɗai ba ta kai mutum. Kullum ka karanta doguwar maƙala guda a fannin da ba naka ba, ɗan kimiyya ya karanta tarihi, ɗan tarihi ya karanta kimiyya, ka rufe ka faɗa wa kanka da Hausa: me marubucin ke son cewa, a ina ya juya? Ƙananan kalmomin juyi, masu ma'anar "amma" da "duk da haka", su ne ke buɗe yawancin tambayoyin.

Insha'in kuma, ETS ta wallafa dukkan batutuwan da take zaɓowa daga ciki a shafinta. Ka riƙa ɗaukar biyu a mako kana rubutawa a kwamfuta cikin minti 30. Na ce a kwamfuta, don da yawanmu da babban yatsa muka iya rubutu, a waya, kuma ranar babu mai gyara maka kuskuren harafi. Salon da aka koya mana na buɗewa da ma'anar kalma daga ƙamus da jero manyan kalmomi ba ya ciniki a nan. Ka ɗauki matsaya a sakin layi na farko, ka kawo dalili, ka kawo misali takamaimai, ka faɗi abin da mai adawa zai ce, ka amsa masa. Misalin gida ya halatta. In batun ya shafi gwamnati da kasuwanci, Kantin Kwari da Kurmi sun fi maka wani birnin da ba ka taɓa gani ba.

Ka riƙe littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili: ban san ƙa'idar ba, na yi gaggawa, ko ban karanta tambayar duka ba. Bayan mako uku za ka ga cutarka da idonka.

Mai GMAT, a taƙaice

Sabon tsarinta awa 2 da minti 15 ne: sashe uku, kowanne minti 45, tambaya 64 gaba ɗaya, maki daga 205 zuwa 805, babu insha'i. Sashen lissafi ba kalkuleta. Akwai gwaji biyu kyauta a mba.com. Makarantun kasuwanci da yawa na amsar GRE a madadinta, don haka in teburinka ya haɗa kasuwanci da wani fanni, GRE guda ta wadatar. Ka kula da tsofaffin littattafan da ake sayarwa a gari, da yawansu na tsohon tsari ne.

Na biyar: jarrabawar Turanci

IELTS iri biyu ce, ta karatu ita ce Academic, kar ka yi rajistar ɗayar bisa kuskure. Saurare kimanin minti 30, karatu awa 1, rubutu awa 1, hira da mai jarrabawa minti 11 zuwa 14. Maki daga 0 zuwa 9. Kwasa-kwasai da dama na neman 6.5 gaba ɗaya ba tare da wani sashe ya gaza 6.0 ba, wasu 7.0. Wannan sharaɗi na biyu shi ke kayar da mutane: ka ci 8 a saurare, rubutu ya tsaya 5.5, an koma gidan jiya. British Council na da ofis a nan Kano kusa da Gidan Sarki, ranaku da wuraren zama kuma suna shafinsu.

Rubutu aiki biyu ne. Na farko bayanin jadawali ko zane, kalma 150 aƙalla. Na biyu insha'i, kalma 250, kuma nauyinsa ninki biyu ne, don haka ka ba shi minti 40. Haddace insha'i ɓata lokaci ne, masu dubawa sun san ƙamshinsa. A saurare sau ɗaya ake kunna murya, kuma kuskuren harafi ko barin alamar jam'i na cinye maki. Ka horar da kunnenka ya raba 13 da 30, 15 da 50. A hira ba a neman ka koma Bature, ana neman a gane ka. Mu Hausawa sai mu kula da "p" da "f", mu kuma daina amsa da kalma ɗaya. Ka sami aboki ku riƙa hirar minti goma sha biyar da Turanci kullum, kana naɗa a waya kana saurare. Za ka ji haushin muryarka mako guda, daga nan ka fara gyaruwa.

TOEFL, wadda ita ma ETS ke shiryawa, ta sauya fasali a Janairun 2026, har ma'aunin makinta ya koma 1 zuwa 6 maimakon 120 da aka sani, don haka ka yi shiri da kayan ETS na yanzu. Duolingo ta fi araha nesa ba kusa ba, kusan awa ɗaya ce a gida, maki 10 zuwa 160, sai dai ba kowa ke amsarta ba. Teburinka zai gaya maka.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ɗaga maka maki ko ya kawo maka satifiket ba zama, ɗan damfara ne. Jami'o'i na tantance sakamako kai tsaye daga masu jarrabawar.

Na shida: biya, da zaɓar wurin zama

GRE ta haura dala 200, GMAT ta fi ta tsada. Ka tambayi bankinka ko katinka na naira na biya a waje da iyakar abin da zai biya, in ba haka ba ka buɗe asusun dala, ka canzo a Wapa ka zuba. In wani zai biya maka da katinsa, to asusun ETS ɗin ya zama naka, da imel ɗinka, da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani. Kar ka bar mai shagon intanet ya buɗe maka da nasa.

Shafin rajista zai nuna maka cibiyoyi da ranakun da suka rage. In ta kama sai Abuja, ka tafi kwana ɗaya kafin ranar, ka je ka ga ƙofar wurin da idonka tun da yamma. Ɗage rana sai da kuɗi, kuma aƙalla kwana huɗu kafin zaman.

Ana iya yin GRE a gida, mai sa ido na kallonka ta kyamara. A takarda abin sha'awa ne. Amma ka auna gidanku da gaske: ɗaki ne da za ka kulle awa biyu ba yaron da zai banko ƙofa, ba mai sallama? Kwamfutarka na riƙe caji? Akwai sola ko inbata, da layin intanet na biyu? Ba a yarda da takarda da biro ba, sai ƙaramin farin allo da alƙalamin da ake gogewa. In ɗaya daga cikin waɗannan na rawa, kuɗin motar Abuja ya fi sauƙi. Sannan wasu makarantun ba sa amsar jarrabawar Turanci da aka yi a gida, ka duba.

Ranar zama da bayanta

Fasfo na asali, ba hoto ba. Ka isa da wuri, ka karya da abin da cikinka ya saba da shi, ka kama ruwa kafin a shiga domin sabuwar GRE ba ta da hutu a tsakiya. Tambayar da ta ci maka minti biyu ba haske, ka zaɓi amsa, ka yi mata alama, ka wuce, in lokaci ya ragu ka dawo.

Kana gamawa allo zai tambaye ka ko ka karɓi sakamakon ko ka soke. Ka karɓa. ETS na ba ka damar zaɓar zaman da za ka aika wa makarantu daga baya, don haka zama mara kyau ba ya bin ka dole. Nan take za ka ga makin Turanci da na lissafi, kuma a lokacin ne ake ba ka damar aika wa makarantu huɗu kyauta. Bayan ka bar kujerar, kowace aikawa da kuɗinta. Shi ya sa za ka shiga da sunayen huɗun nan a kanka, da sashen kowacce, ka kuma yanke tun a gida makin da in ka kai shi za ka aika.

In makin ya gaza, kar ka ruga sake rajista cikin zafin rai. Ka jira cikakken rahoto, ka ɗora shi kan littafin kurakuranka, ka ba wurin da ya yi rauni mako huɗu zuwa shida. In ya kai, bayan mako biyu ka shiga shafin neman gurbi na kowace makaranta ka tabbatar an nuna sakamakon ya iso. In bai nuna ba, ka tura musu imel da lambar rajistarka, ranar da ka zauna, da sunanka yadda yake a fasfo.